Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumar Kula Da Nukiliya: A Auna Lakar Tafkunan Katsina Kafin A Yashe Ta

Zuwa ga Babban Darakta,
Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya, NNRA,
Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri a gare ka da ma'aikatan hukumarka, na rubuto wannan wasiƙa daga birnin Katsina domin in roƙi abu guda: hukumarku ta jagoranci aikin auna burbushin gwaje-gwajen makaman nukiliya da ya sauka a gonaki da lakar tafkuna da madatsun ruwa na jihar Katsina, kuma a yi aikin nan kusa, tun kafin yashe da cike kududdufai da shuɗewar shekaru su shafe shaidar da ke kwance a ƙarƙashin ruwan. Na sa wasiƙar a bainar jama'a ne saboda maganar ta shafi manomi da makiyayi da masunci kamar yadda ta shafi masana, kuma ina fata malaman jami'o'inmu da Ma'aikatar Muhalli ta jiha da masarautun Katsina da Daura za su karanta, kowa ya ga inda hannunsa zai shiga.

A safiyar ranar 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a kusa da Reggane, cikin Saharar Aljeriya, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkinta. An ɗora bam ɗin a kan hasumiyar ƙarfe mai tsawon kusan mita 100, ƙarfinsa kuwa ya kai kusan kilotan 70, wato ya ninka wanda aka jefa wa Hiroshima fiye da sau huɗu. Tsakanin Reggane da Katsina kusan kilomita 1,700 ne a miƙe, kuma Fabrairu a wurinmu tsakiyar rani ne, lokacin da iska ke gangarowa daga hamada ɗauke da hazo. Wasu gwaje-gwaje uku sun biyo baya a sararin sama a wurin, ranar 1 ga Afrilu da 27 ga Disamba na 1960, sai 25 ga Afrilu, 1961. Daga nan aka koma cikin dutse a In Ekker, inda aka yi gwaji 13 a ƙarƙashin ƙasa har zuwa 1966, kuma a ɗaya daga cikinsu, ranar 1 ga Mayu, 1962, toshiyar ramin ta kasa riƙe fashewar, hayaƙi da ƙura suka yi tsiri waje suka lulluɓe sojoji da manyan baƙin da suka zo kallo.

Shugabanninmu na wancan zamani sun ɗauki lamarin da nauyinsa. Wata uku kacal bayan samun 'yancin kai, a Janairun 1961, gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa saboda gwaji na uku, ta sallami jakadanta, ta hana jiragen sama da na ruwa na Faransa shiga filaye da tashoshin Najeriya. A Gana kuma Kwame Nkrumah ya riƙe kadarorin Faransa. Tsoron wannan ƙura ce ya sa aka kafa ofishin tarayya na kare jama'a daga tururin nukiliya a sashen kimiyyar fiziks na Jami'ar Ibadan a 1964, kuma hukumarku, wadda dokar 1995 ta samar ta kuma fara aiki a 2001, ita ta gaji wannan nauyi. Saboda haka abin da nake roƙo yana cikin tushen aikinku tun asali.

A 2014 jaridar Le Parisien ta buga wata taswirar sojojin Faransa da aka daɗe ana ɓoyewa, wadda ta nuna hanyar da gajimaren gwajin farko ya bi. A kwanakin farko ya ratsa Tamanrasset, ya isa Njamena, ya juyo yamma har Bamako, kuma cikin mako biyu ya kai gaɓar Sifaniya da tsibirin Sisili. Duk wanda ya buɗe taswirar Afirka ya duba inda Njamena take da inda Bamako take, ya san cewa mutumin Katsina ko Daura yana da haƙƙin ya tambayi abin da ya sauka a gonar kakansa a wancan mako, zamanin Sarki Usman Nagogo yana kan gadon Katsina.

Adalci ya wajabta in faɗi cewa gwaje-gwajen Sahara ƙaramin kaso ne na abin da aka watsa wa duniya. Daga gwajin farko da Amurka ta yi a Yulin 1945 zuwa yau an yi gwaji fiye da 2,000, kuma sama da 500 daga ciki a fili aka yi su, ba a cikin rami ba. Manyan bama-baman Amurka da Tarayyar Sobiyet, irin wanda aka tayar a tsibirin Bikini a Maris na 1954 mai ƙarfin megatan 15, wato kilotan 15,000, da wanda Sobiyet ta tayar a Oktoban 1961 mai ƙarfin kusan megatan 50, sun cilla ƙurarsu can ƙololuwar sama, inda ta yi ta yawo tsawon watanni da shekaru tana saukowa sannu a hankali tare da ruwan sama a kan kowace nahiya. Saukar ta kai matuƙa a 1963, shekarar da Amurka da Birtaniya da Sobiyet suka sa hannu a Mosko kan daina gwaji a sama da cikin ruwa. Faransa ta ci gaba da nata a tekun Fasifik har 1974, Sin kuwa sai a 1980 ta yi na ƙarshe. Damunar 1963 da ta shayar da geron Mashi da audugar Funtuwa ta sauko da rabonmu na wannan ƙura, kamar yadda ta sauko wa kowa.

Abubuwan da ke cikin ƙurar ba halinsu ɗaya ba, kuma wannan bambanci shi ne ginshiƙin maganata. Aidin-131 yana sauka a kan ciyawa, saniya ta ci, ya shiga nono, ya taru a maƙoshin yaron da ya sha, amma ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk kwana 8, don haka cikin 'yan watanni ya ɓace, babu na'urar da za ta gano shi yau. Sitironshiyam-90 yana kama da sinadarin da ke gina ƙashi, sai jiki ya ajiye shi a ƙashi da haƙori, kuma yana ɗaukar kusan shekara 29 kafin ya ragu da rabi. Siziyam-137 yana ɗaukar kusan shekara 30, kuma halinsa shi ne da zarar ya taɓa ƙasa sai ya manne wa ƙwayoyin yumɓu ya ƙi saki, duk inda ruwa ko iska suka kai yumɓun nan yana tare da shi. Fulutoniyam-239 kuwa sai bayan shekara 24,000 da 'yan kai yake raguwa da rabi. Siziyam-137 bai wanzu a ƙasar noma ba kafin zamanin bam, saboda haka duk inda aka same shi a ƙasar Katsina an san daga sama ya zo, kuma an san lokacin da ya zo.

Ba na son wannan wasiƙa ta zama abin firgita jama'a, kuma ba zan ƙara wa maganar gishiri don a saurare ni ba. Kwamitin kimiyya na Majalisar Ɗinkin Duniya da ke bin diddigin illar tururin nukiliya ya ƙiyasta cewa abin da mutum ke samu a shekara daga ragowar gwaje-gwajen, a matsakaicin lissafi na duniya, ya kai kusan milisibat (ma'aunin tururin da jiki ya sha) 0.11 a 1963, yanzu kuwa ya sauko zuwa wajen 0.005, alhali abin da kowa ke samu daga duwatsu da ƙasa da sararin sama, halittar Allah, ya kai kusan 2.4. Haka kuma mafi yawan ƙurar ta sauka ne a ƙasashen da ke can arewa, irin su Turai da Amurka, inda ruwan sama ya fi yawa kuma iskar sama ta fi saukar da ita. Abin da hankali ya fi karkata gare shi shi ne cewa idan aka auna ƙasarmu za a sami kaɗan ne. To amma matsakaicin lissafi na duniya ba shi ne awon gonar Kaita ko fadamar Jibiya ba. Ƙasarmu ta arewa jigawa ce mai ƙarancin yumɓu da ƙarancin sinadarin fotash, kuma a irin wannan ƙasa ne tsiro ya fi saurin zuƙar siziyam, domin yana ɗaukarsa a matsayin fotash. Sannan iska da ruwa ba sa barin abu a inda ya faɗi, suna kwashe shi daga tudu su tara a kwari. Wannan duk dalili ne na a auna a san adadin, maimakon a tsaya ga ƙiyasi.

Akwai kuma maganar da ke yawo a bakin mutane. A duk lokacin da hazo ya yi kauri har fitilar mota ba ta ratsa shi da hantsi, leɓɓa suka tsage, yara suka kama tari, sai saƙonni su fara zagayawa a WhatsApp cewa gubar bam ɗin Faransa ce iska ta kwaso. Idan ciwon daji ko ciwon ƙoda ya kama mutum biyu a unguwa ɗaya, za a sami mai danganta shi da hakan. Wanda ya ce wa mutane ƙarya ne ba tare da hujja a hannu ba, bai fi mai yaɗa saƙon tsayawa a kan gaskiya ba, domin dukansu zato suke yi. Mafi yawan hazon hunturu da ke zuwa mana daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, can arewa maso gabas, ba daga yankin Reggane ba, amma wannan bayani ba zai kwantar da hankalin uban da ɗansa ke kwance a asibiti ba kamar yadda lamba daga hukumar da ya amince da ita za ta yi. Gani ya kori ji.

Yanzu ga abin da ya sa na ce lamarin na gaggawa ne, kuma a nan nake roƙon a ɗan tsaya a duba da kyau. Ruwan da ke kwance wuri ɗaya, tafki ne ko madatsa, yana tara laka kowace damuna, ta bana a kan ta bara, kamar yadda magini ke ɗora sahun tubali a kan sahu. Idan ba a dama lakar ba, wanda ya huda ta daga sama zuwa ƙasa zai ratsa shekaru a jere. A ƙasan da ya girmi shekarun 1950 ba zai sami siziyam ko kaɗan ba, sai ya fara bayyana a wajen 1954, ya yi ta ƙaruwa har ya kai ƙololuwa a sahun 1963, daga nan ya fara raguwa. Da wannan alama masana ke sanya wa laka shekaru a tafkunan duniya. Har ma a 2023 wani kwamitin masana ilimin ƙasa ya zaɓi tafkin Crawford na Kanada ya zama ma'aunin farkon sabon zamani a tarihin duniya, saboda yadda fulutoniyam ya fito ƙarara a sahun lakarsa, ko da yake babban kwamiti ya ƙi amincewa da shawarar a 2024. A Turai haɗarin tashar nukiliya ta Chernobyl na 1986 ya zubo wani siziyam ɗin da ke rikita lissafi, mu kuwa muna nesa da wannan, sahunmu na 1963 zai fi fitowa a sarari.

Sai dai manyan madatsunmu duk ƙannen shekarar 1963 ne. An gina Ajiwa a shekarun 1970, Zobe a farkon shekarun 1980, Jibiya ta zo bayanta, haka ma Sabke. Lakar da ke cikinsu ba ta ga damunar 1963 ba, abin da ta ƙunsa shi ne siziyam ɗin da zaizaya ta kankaro daga gonakin da ke kewaye ta zubo ciki. Wannan ma ilimi ne mai daraja, zan dawo kansa. Amma sahun 1960 da na 1963 kansu, idan suna nan, suna cikin tsofaffin ruwaye ne: tafkunan da ba sa ƙafewa sarai, da fadamun da ba a taɓa sa musu garma ba, da kududdufan tsofaffin birane, waɗanda kakanninmu suka haƙa suka ɗebi ƙasar gina ganuwa da soraye a Katsina da Daura.

Waɗannan kududdufai kuwa ƙarewa suke yi a gaban idonmu. Duk mazaunin cikin birni ya san yadda abin yake tafiya. Da farko almajirai da masu baro za su fara juye shara a gefe ɗaya, leda da toka da ɓaraguzan gini, har bakin ruwan ya ja baya. Rani na zuwa sai a ga tifa ta sauke jar ƙasa, a baje, a daddaɓe. Kafin damuna ta zagayo an kafa turaku an ja igiya, filoti ya fita, bulo ya fara hawa. Inda bai kai ga haka ba, masu yin tubali sun shiga da sungumi da kwando sun juye lakar daga ƙasa zuwa sama, abin da ya kwanta a jere shekara sittin ya cakuɗe cikin yini ɗaya. Ba na zargin mai neman wurin zama ko mai neman abinci da guminsa. Abin da nake nunawa shi ne cewa kududdufin da aka cike ba ya dawowa, kuma wanda ya rage bana ba lallai ne ya kai baɗi ba. Madatsun ma haka: kowa ya san laka ta cinye musu ciki, ana ta kiran a yashe su, kuma kira ne na gaskiya domin birni na bukatar ruwan sha, masu noman rani na bukatar na ban-ruwa. Roƙona kawai shi ne kada injin yashe ya shiga wata madatsa sai an riga an ciri samfurin lakarta an adana.

Ko da babu mai taɓa lakar, lokaci kansa yana cin shaidar. Daga 1963 zuwa yau an haura shekara 60, wato siziyam ya ragu da rabi har sau biyu, abin da ya saura bai fi kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya sauka ba. A ƙasar da tun farko rabonta kaɗan ne, kowace shekara da ta wuce tana matsar da shi kusa da iyakar abin da na'ura ke iya ji. Awon da ɗalibin digiri na biyu zai iya yi yau da kayan da ke Zariya, nan da shekara 30 sai an nemi kayan da suka fi tsada nesa ba kusa ba.

Aikin kansa bai fi ƙarfinmu ba. A ƙarshen rani, lokacin da ruwa ya ja, mutum biyu ko uku za su shiga kwalekwale zuwa inda ya fi zurfi kuma ya fi natsuwa, su kafa bututun roba mai kauri a tsaye, su danna shi a hankali har ya nutse cikin laka mita ɗaya ko fiye, su toshe bakinsa na sama su zaro shi ba tare da sun karkata shi ba. A bakin ruwa za a turo lakar daga ƙasa, ana yanka ta santimita ɗaya ko biyu, kowane yanki a ledarsa da lambarsa. A ɗakin gwaji a busar, a niƙa, a auna nauyi, a sa a na'urar da ke ƙirga tururin gamma, wadda kan kwana ɗaya ko biyu a kan samfuri guda idan abin da ke ciki kaɗan ne. Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda ke riƙe da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, da cibiyarku ta Ibadan, sun san irin wannan awo. Ɗaliban fiziks da kimiyyar ƙasa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, wadda Zobe ke bayan gidanta, za su iya ɗaukar aikin fili idan an horar da su. Awon fulutoniyam ne kaɗai ke bukatar na'ura ta musamman, kuma shirin haɗin gwiwa na Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, wadda Najeriya ke cikinta, an kafa shi ne domin irin wannan bukata.

Na nace a kan fulutoniyam saboda shi ne ke faɗin mai kayan. Siziyam na Faransa da na Amurka da na Sobiyet iri ɗaya ne, ba a rarrabe su. Fulutoniyam kuwa yana zuwa da nau'i biyu, 240 da 239, kuma yawan ɗaya a kan ɗaya ya danganta da irin bam ɗin. A ƙurar da manyan bama-bamai suka watsa wa duniya lissafin yawan 240 a kan 239 yana wajen 0.18, na gwaje-gwajen Reggane kuwa ya yi ƙasa da haka sosai. Da wannan hanya wasu masana suka binciki jar ƙurar Sahara da ta rufe yammacin Turai a Maris na 2022, suka buga sakamakonsu a 2025, inda suka sami burbushin nukiliya kaɗan ƙwarai, ƙasa da abin da zai cutar, kuma alamarsa ta dace da ta manyan gwaje-gwajen Amurka da Sobiyet, ba ta Faransa ba. Turawa sun auna ƙurar da ta sauka a kan motocinsu suka sami amsa. Mu da muke zaune a bakin hamadar, muna shaƙar hazonta wata uku ko huɗu kowace shekara, mun fi cancantar irin wannan amsa, kuma wajibi ne mu karɓe ta yadda ta zo, ko ta wanke Faransa ko ta kama ta.

Ko da awon ya nuna babu abin tsoro, kuɗin da aka kashe bai tafi a banza ba, kuma wannan ne ɓangaren da nake so Ma'aikatar Gona da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima su ji. Tunda siziyam ya sauka kusan daidai wa daida a kan yanki guda kuma ya manne wa ƙasar sama, ya zama ma'aunin zaizaya wanda ba mu biya ko kwabo aka shimfiɗa mana ba. Za a nemi wurin da ba a taɓa nomawa ba kuma ruwa bai wanke ba, kamar tsohon hurumi ko tsakiyar kurmi mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, a auna abin da ke ciki ya zama ma'auni. Gonar da aka sami nata bai kai haka ba, an san ta yi asarar ƙasar sama, kuma ana iya lissafa tan nawa a kowace kadada cikin shekara 60. Kwarin da nasa ya haura, can ƙasar ta taru. An yi irin wannan aiki a kudu maso yammacin Nijar tun shekarun 1990, a ƙasa mai kama da tamu. Manomin Ɓatagarawa da ke cewa gonarsa ta gaji, taki ba ya kama ta, zai iya ganin dalilin a lamba. Masu kula da Ajiwa da Zobe za su san santimita nawa laka ke hawa kowace shekara, daga wane rafi ta fi zuwa, da inda ya kamata a fara dasa itatuwa da jera duwatsu, don kada a yashe madatsa yau ta sake cika kafin a gama biyan ɗan kwangila.

Akwai kuma fuskar haƙƙi. Najeriya tana cikin yarjejeniyar Pelindaba da ta haramta makaman nukiliya a Afirka, ta amince da yarjejeniyar hana gwaji gaba ɗaya ta 1996, kuma a Agustan 2020 ta tabbatar da yarjejeniyar haramta makaman nukiliya ta 2017, wadda sashenta na 6 ya ɗora wa kowace ƙasa nauyin taimaka wa mutanenta da gwaji ya shafa da kuma gyara wuraren da suka gurɓata. Faransa ba ta cikin wannan ta ƙarshe, kuma dokar diyya da ta yi a 2010 ta taƙaita ga waɗanda suka zauna a wasu keɓaɓɓun yankuna na Sahara da Folinisiya. Aljeriya har yau tana neman a ba ta cikakkun taswirorin inda aka binne tarkacen gwajin. Najeriya kuwa, ƙasar da ta sallami jakada a kan wannan batu tana da wata uku da haihuwa, ya dace idan ta tashi magana a zauren duniya ta riƙe awon ƙasarta a hannu. A kan haka nake roƙon ku sa a bincika ɗakunan ajiye tarihi na ƙasa da ke Kaduna da Ibadan, da tsofaffin kundayen ofishin 1964, a fito da duk wani rahoton awon iska ko ruwan sama ko nono da aka yi a Arewa a waɗancan shekaru, domin aidin da ya riga ya ɓace a takarda kawai za a iya samun labarinsa. Idan kuma akwai awon ƙasa ko na laka da wata jami'a ta riga ta yi a jihar nan, a tattaro shi wuri ɗaya a ɗora a kai.

Game da yadda za a shiga garuruwa, shawarata ita ce kada ma'aikaci ya sauka bakin tafki da bututu da farar riga ba tare da hakimi da dagaci da mai unguwa sun san da zuwansa ba. Mutanenmu sun sha ganin baƙi suna ɗibar ƙasa su tafi, daga baya a ji ana maganar zinariya, kuma a halin tsaron da wasu ƙananan hukumomin yamma ke ciki, shiru a kan irin wannan aiki yana iya haifar da zargi mai haɗari. A bi ta fada, a yi wa limamai bayani, a ɗauki Sarkin Ruwa da masunta a matsayin jagorori, domin su suka san inda ruwa ya fi zurfi, da tafkin da bai ƙafe ba ko a farin 1973 da na 1984, da wanda aka taɓa haƙewa. Dattijon da ya haura shekara 75 zai iya nuna kududdufin da yake nan tun yana yaro, kuma wannan sani ne da babu taswirar da ta ƙunsa. Inda hanya ba ta da aminci a jinkirta, a fara da kewayen Katsina da Daura da Mai'aduwa, sannan a ɗauki wasu samfura daga Funtuwa da Malumfashi, inda ruwan sama ya fi yawa, domin a kwatanta kudu da arewa.

Idan sakamako ya fito, ina roƙon kada ya tsaya a mujallar masana da Turanci. A buga shi da Hausa, gari da gari, da lambobinsa da ma'anarsu, a karanta a gidajen rediyon jiha, a kai kwafi fadar Katsina da ta Daura, a ajiye ragowar samfuran a ɗaya daga jami'o'inmu yadda wani mai bincike zai iya sake aunawa nan gaba. Abin da nake fata daga ofishinka a matakin farko shi ne takarda zuwa ga gwamnatin jiha da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima cewa a sanar da ku kafin a fara yashe kowace madatsa, sannan ku turo ƙaramar tawaga ta zauna da jami'o'inmu ta fitar da jerin tafkuna da kududdufan da za a fara da su, domin a ciri samfuran farko a watan Maris ko Afrilu mai zuwa, kafin ruwan fari ya sauka.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke amanar da ke wuyanka.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Wani tsohon malamin kimiyya,
Birnin Katsina.